Gudun Mota A Takarda Yake Farawa

 Da masu kula da zauren suka ce makon nan nawa ne, na san wasu sun zaci batun gajeren labari zan kawo kamar yadda aka saba. Ku yi haƙuri, yau gareji zan kai ku. Diflomata a fannin gyaran motoci na yi ta, kuma bayan rubutu babu abin da ke cin lokacina kamar tseren motoci na daji, wanda ake kira rali. Burina kuwa ba sitiyari ba ne. Kujerar da ke gefen direba nake nema, ta mutumin da ke riƙe da littafi yana karanta masa hanya.

Rali ya bambanta da tseren da aka saba gani a talabijin, inda motoci ke jeruwa su yi ta zagaya fili ɗaya. A nan hanyar gaske ake rufewa, ta burji ko ta kwalta ko ta ƙanƙara, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti biyu ko uku. Agogo ne abokin karawar kowa. A gasar duniya, wadda aka fara a 1973, jimillar hanyoyin da ake rufewa a zagaye ɗaya takan kai kilomita 300. Wanda ya fi ka da daƙiƙa ɗaya tak a kowace kilomita, kafin a tashi ya ba ka ratar minti biyar, kuma a wannan sana'a minti biyar kamar shekara ne. A Jodan a 2011, bayan an sha gudu har an gaji, kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ne suka raba Sebastien Ogier da Jari-Matti Latvala.

To ta yaya mutum zai shiga kwanar da bai gani ba da irin wannan gudu? Ba haddace hanya yake yi ba. Kafin gasa ana ba kowace tawaga damar bin hanyar sau biyu a motar gida, da ƙayyadadden gudu. A bi na farko direba yana faɗin abin da ya gani, na gefensa yana rubutawa: kwana ta dama ce ko ta hagu, ƙuncinta, mita nawa kafin ta gaba, ina dutse yake, ina tudun da zai ɗaga mota sama. A bi na biyu sai a karanta a gyara. Ranar gasa wannan rubutu ne idon direba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cinye kimanin mita 33 a daƙiƙa guda. Idan mai karatu ya makara da numfashi ɗaya, kwanar ta riga maganarsa isowa. Idan ya yi garaje ya zuba bayanin kwana huɗu a lokaci ɗaya, direba ya rikice. Shi ya sa mai karatu ba ya ma cika ɗaga kai, da jikinsa yake jin inda motar take.

A nan ne abin ya kama ni a matsayina na marubuci. Yawancin direbobi lamba suke ba kwana, daga ɗaya zuwa shida. A tsarin da ya fi yaɗuwa, ɗaya ita ce mai tsananin ƙunci, shida kuma wadda ake shiga ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba. Da na zauna zan tsara nawa da Hausa, nan take harshen ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Ku furta "biyu", ku furta "biyar". Farkonsu ɗaya ne. A cikin ƙarar inji da duwatsun da ke dukan ƙarƙashin mota, direba "biy" kawai zai ji, alhali dama biyu tana neman birki mai ƙarfi, dama biyar kuwa gudu take so. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai rai. "Uku" da "huɗu" ma ba su da nisa a kunne. Sai na bar lamba na koma wa siffa, kamar yadda wasu direbobin ma suke yi. Kwanar da ta naɗe ta koma baya na sa mata "gwiwa". Wadda ta karye kamar ta gini, "kusurwa". Mai lanƙwasa a hankali, "baka". Doguwar da ke ƙara matsewa a ƙarshenta, "lauje". Tudun da ba a ganin bayansa, "doro". A nisa kuma na jingine sittin da saba'in da tamanin, domin duk wutsiyarsu ɗaya, na tsaya a hamsin, ɗari da metan. "Kar ka yanke" ma na cire ta, saboda idan "kar" ta ɓace a cikin ƙara, abin da zai rage umarni ne na a yanke kwanar, dutsen kuma yana nan yana jira. "Tsakiya" nake cewa. Layi ɗaya a littafina yakan fito haka: doro, hamsin, lauje hagu, tsakiya, ɗari, gwiwa dama.

Ni da wani abokina muke gwadawa da sassafe a wata hanyar burji a bayan gari, cikin tsohuwar motar yayansa, kuma ba ma wuce gudun kilomita 40, tunda hanyar ta jama'a ce, akwai masu amalanke da yara 'yan makaranta. Ba gudu muke koya ba. Abin da muke aunawa shi ne ko abin da na rubuta ranar Asabar zai yi daidai da hanyar idan na karanta shi bayan mako biyu, lokacin da shi ya manta ta. Na sha zaman gyaran rubutu a ƙungiyarmu, amma ban taɓa samun edita mai tsanani kamar wannan hanya ba. Kalmar da ba ta da aiki, kwana ce ke nuna maka ita.

Aikin mai karatu bai tsaya a nan ba. Shi ke riƙe da katin lokaci. A gasar duniya, idan kun isa wurin rajista a makare, kowane minti tarar daƙiƙa goma ne, amma idan kun riga lokaci, kowane minti tarar minti guda ne cif. Wato ɗoki ya fi makara tsada har ninki shida. Tsakanin wata rufaffiyar hanya da wata, a titin kowa da kowa ake tafiya, da bin dokar hanya. Idan taya ta fashe a daji, su biyun ne za su sauka su canza ta. Makanikai kuma a sansaninsu kaɗai aka yarda su taɓa motar, wani zubin minti 15, wani zubin 45.

Duk wanda ya bibiyi tarihin Safari ta Kenya zai ga cewa kaiwa ƙarshe ma fasaha ce. An fara ta a 1953, kuma a 1963 motoci bakwai kacal suka kammala. Fijo 404 ce ta zo ta ɗaya a shekarar. Ƙanwarta 504 ta ci a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, irin motar da iyayenmu suka yi ta lodi da ita daga Kano zuwa Jos. Shekhar Mehta ya ci Safari sau biyar, huɗu daga ciki a jere, daga 1979 zuwa 1982. Irin wannan ba da ƙarfin totur kaɗai ake samunsa ba, sai da sanin inda za a tausaya wa mota. A Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa kuwa, a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Sai batun da ba a son faɗa, kuɗi. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta jera motocin rali hawa biyar, daga Rally5 a ƙasa zuwa Rally1 a sama. Sabuwar Rally2, wadda ba ita ce ƙololuwa ba, kuɗinta yakan kai Yuro 200,000 ko fiye, ban da taya da mai da makanikai da kuɗin shiga gasa. Wasu a ciki aka haife su. Kalle Rovanpera na ƙasar Finlan ɗan direban rali ne, yana da shekara takwas aka ɗauki bidiyonsa yana tuƙi a kan ƙanƙara, kuma a 2022 ya zama zakaran duniya mafi ƙarancin shekaru, kwana ɗaya bayan ya cika 22. Ba na jin haushinsa, gado ba laifi ba ne. Amma labarinsa ba ya koya wa irina komai.

Na Faransawa biyu ya fi yi mini amfani. Sebastien Loeb ɗan wasan motsa jiki ne da ya koma koyon aikin lantarki. Ogier kuma kanikanci ya koya, yana kuma koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Dukansu ta ƙofa ɗaya suka shigo, wata gasar zaƙulo matasa da hukumar tseren ƙasarsu take shiryawa, Rallye Jeunes, inda ake jera robobi a fili, a ba kowa mota iri ɗaya, a bar agogo ya yi hukunci. Loeb ya gwada a 1995, Ogier ya ci a 2005. Loeb ya zo ya ɗauki kofin duniya sau tara a jere, daga 2004 zuwa 2012, da mai karatu ɗaya a gefensa, Daniel Elena. Ogier ya karɓa daga 2013 zuwa 2018. Shekara goma sha biyar a jere kofin yana hannun mutum biyu da ƙasarsu ta fita ta nemo. A ganina ba baiwa Faransa ta fi mu ba, tsani ta kafa. Ita ma FIA ta kwaikwayi haka da shirin Rally Star, wanda har da wasan kwamfuta aka yi tankaɗe a cikinsa. Max Smart na Afirka ta Kudu ne ya ci na nahiyarmu a 2022, Romet Jurgenson na Estoniya kuma, wanda ya fito ta wannan shiri, ya zama zakaran matasa na duniya a 2024.

Kujerar gefe ita ce ƙofar da ba ta neman ka mallaki mota. Michele Mouton, macen da ta ci zagayen Sanremo a 1981 ta kuma zo ta biyu a duniya a 1982, da karatun hanya ta fara. David Richards ya karanta wa Ari Vatanen hanya har suka ci kofin 1981, daga baya ya kafa kamfanin Prodrive. Jean Todt ma mai karatu ne, ya ƙare yana shugabancin FIA daga 2009 zuwa 2021. Duk wannan na jero wa mahaifiyata ranar da ta ga littafin. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yanzu kai duk bokon nan da ka yi, yaron mota za ka zama?" Na ce, "Umma, wannan yaron motar shi ke gaya wa direba inda zai bi." Ta ce to ita dai kada ta ji an ce an gan ni a wasan motar biki.

Tsoronta yana da tushe. A unguwarmu akwai yaron da mota ta kwashe yana tsaye a gefen titi yana kallon abokan ango suna juyi, yau da sanda yake tafiya. Masu wannan wasa da yawansu suna da hannu, na ga wanda ke juya mota a wurin da ni ba zan iya juya keke ba. Amma babu kejin ƙarfe a cikin motar, babu hular kwano, babu bel mai maɗauri shida, babu agogo, kuma 'yan kallo ne shingensu. Ba a auna komai, don haka babu wanda ke ƙaruwa, gwanin bara shi ne gwanin bana har ranar da tsautsayi ya faɗa. Rali ma ta ɗanɗana wannan. A 1986 mota ta afka cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutane, bayan wata biyu Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka ƙone a tsibirin Kosika. A ƙarshen shekarar aka haramta rukunin motocin baki ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan wasa ya daɗe yana ratsa ƙofar gidanmu. A hamadar Tenere ta Nijar Thierry Sabine ya ɓace da babur a 1977, da ya tsira ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya tashi karon farko a ƙarshen Disambar 1978. Shekaru da dama Agadas tana cikin manyan zangunansa. An soke na 2008 saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Ya zo ya wuce, rabon yawancin mutanenmu a ciki ƙura ce da ɗaga hannu, wasu ƙauyukan ma har da gawar yara. A namu ɓangaren, bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe da tseren motoci a cikin shagulgulansa, amma abin da ake yi lokacin biki kaɗai ba ya raino direba. Gasar Afirka a Kenya da Yuganda da Ruwanda da Tanzaniya take yawo, zagayenta da aka saba yi mafi kusa da mu kuma shi ne Bandama.

Saboda Bandamar nan na fara koyon Faransanci a wurin wani ɗan Maraɗi da muke aiki tare a gareji, ni kuma ina duba masa lissafin kuɗin gyara. Niyyata in fara zuwa a matsayin ɗan sa-kai mai tsaron hanya, in tsaya a wurin rajistar lokaci in ga yadda masu karatu ke miƙa kati, in san mutane su san ni, kafin in nemi lasisi. Littafina na uku ya kusa cika. Kwasata a adashin gareji wata biyu suka rage, kuma fasfo zan fara yi da ita.