Nasko: Hadari Daga Gabas, Ruwa Daga Teku

Garin Nasko shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, cikin ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora, masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa. Wanda duk ya baro Kontagora ya dosa yamma, wajen Yawuri da tafkin Kainji, zai ratsa ta cikin gonakin dawa da gero da masara da gyaɗa, ga kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye, ga ƙauyukan Kambari da na Hausawa da rugagen Fulani. Abincin wannan jama'a kuwa ya rataya ne ga wata iska wadda mafarinta ke can bisa Tekun Atalantika.

Ka tambayi kowane manomi a Nasko ta ina ruwa ke zuwa, sai ya nuna maka gabas, bai kuwa yi ƙarya ba. Can hadari ke haɗuwa ya yi baƙi ƙirin, guguwa ta riga shi isowa, mata su yi ta gaggawar kwashe shanya. Amma ruwan da ke cikin hadarin nan daga kudu maso yamma ya fito.

Ga yadda abin yake. Tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi. In bazara ta kama, sai hamadar Sahara ta gasu, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama. Daga nan sai iskar teku mai sanyi, wadda ta ƙoshi da laima, ta kwararo don ta cike gurbin, juyawar duniya kuma ta karkata ta har ta shigo mana ta kusurwar kudu maso yamma. Irinta ce ke kai wa ƙasar Indiya damina. Turawa na ce mata monsun, kalmar da asalinta Larabci ne, watau mausim, lokacin da abu ya saba zuwa. Da yake ta fi busasshiyar iskar hamada nauyi, ta ƙarƙashinta take kutsawa, tana matsawa arewa sannu a hankali, har a watan Agusta ta wuce Agadas. Can sama da ita kuwa, misalin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke bugawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke kora gizagizai. Saboda haka ta ƙasa ce ke kawo ruwan, ta sama ke tuƙa hadarin.

Inda manomin Nasko ke shan wuya shi ne farkon zuwanta. Goshin iskar nan ba shi da kauri, ruwan kirki yana baya da shi da ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa cikin Maris da Afrilu za ka ga gumi ya hana barci, hadari ya haɗu ya watse ba ko ɗigo. Wata rana sai a kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi. Sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to, ban da damina. Wanda ya ci bashi ya sayi iri, sai ya sake cin wani. Don haka dattawa ba su yarda da ruwan fari, sai sun tona ƙasa sun ga iyakar inda laima ta kai. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma a ganina ba a kyauta wa manomi ba in bayanin ya tsaya a Abuja da Minna bai iso masa da harshen da yake ji ba, tun iri na cikin buhu.

Wata shekarar kuma iskar takan zo da rauni gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, lokacin da makiyayan arewa suka yi ta gangarowa kudu da abin da ya rage musu na dabbobi. Masana sun danganta wannan da sauyin ɗumin ruwan teku.

Agusta da Satumba su ne tsakiyar damina a nan. Cikin Oktoba sai iskar ta ja da baya, komawarta kuma ta fi zuwanta sauri. Hunturu ya karɓi gari, ya taho da hazon da ya kwaso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, leɓe ya tsage, dawa ta bushe a gona.

Amma ba a rabu da damina ba tukuna. Yamma da Nasko tafkin Kainji yake, wanda aka gama gina madatsarsa a 1968, kuma sau biyu kogin Kwara ke kawo masa cika a shekara. Ta farko ruwan daminar wannan yanki ne, mai laka. Ta biyu kuwa ruwan da iskar nan ta zubar ne a tsaunukan ƙasar Gini, wanda ya daɗe yana yawo cikin fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can. Ba ya isowa sai wajen Disamba da Janairu, lokacin da mutanen Nasko ke jin ɗumin wuta da asuba.