Macbeth a Garin Sojoji

A 1985 na fara karanta Macbeth, ina aji huɗu a sakandare a Zuru. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, don ba a yanko Kebbi ba sai 1991. Littafi ɗaya ne mu uku, bangonsa ya fita, muka ɗinke shi da zaren buhu. Turancin Shakespeare kuwa, wanda ya rubuta wasan wajejen 1606, sai mun haɗa gumi kafin mu warware layi biyar.

Malaminmu ya rubuta a allo cewa kowane gwarzon irin waɗannan wasanni yana da lam'a guda da ke kai shi ƙasa: Othello kishi, Hamlet jan ƙafa, Macbeth kwaɗayin mulki. Muka kwafe, muka haddace.

Sai dai Zuru garin sojoji ne. Da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Shi ya sa da farko ba mu ƙi Macbeth ba. Mutum ya dawo daga filin daga da nasara, Sarki Duncan ya ƙara masa girma, ya naɗa shi sarautar Cawdor. Ai irinsa kowannenmu yake so ya zama.

Da hutun damina na ba kawuna labarin da Hausa, muna gasa masara a zaure. Tsohon saje ne, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi. Bai katse ni ba sai da na kawo maganar malam.

"Yaro, malaminku bai taɓa kwana a rami ba," in ji shi. "Mutum nawa kwaɗayin ya kashe?"

"Sarki, Kawu."

"To, ɗaya ke nan. Sauran duk tsoro ne."

Na ƙirga a zuci: dogaran Sarki biyu, Banquo abokin Macbeth, matar Macduff da 'ya'yanta. Babu wanda ya tsare wa Macbeth hanyar gadon sarauta a cikinsu. Dogaran ya kashe don kada su yi magana, sauran kuwa yana kan gadon ya aika a hallaka su. Har yau ina ganin fassarar Kawu ta fi ta allo, ko da yake ta allon na rubuta a jarrabawa, don maki nake nema.

Ba a jima ba, ranar 27 ga Agusta, ana tsakiyar hidimar Babbar Salla, rediyo ya ɓarke da badujala. Babangida ya hamɓarar da Buhari, mataimakinsa Idiagbon yana Makka. Kawu bai ce uffan ba, ya ci gaba da yanka namansa.

A watan Maris na 1986 aka sanar an harbe Manjo Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi, bayan kotun soja ta same su da laifin shirya juyin mulki. Kowa ya san Vatsa abokin Babangida ne tun ƙuruciya, tare suka yi makaranta a Bida. Kawu ya kashe rediyo ya kira ni.

"Abokin nan nasa na cikin littafinku, yaya sunansa?"

"Banquo, Kawu."

"An yi masa shari'a?"

"A'a, da dare aka tare shi a hanya."

"To, ai ba ɗaya ba ne," in ji shi. Tuwon da aka kawo masa ranar, a rufe aka mayar da shi cikin gida.