Motar Yaya Da Hanyar Ƙauyenmu

Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar adabi da zancen gareji. To, a yi mini haƙuri, domin darasin da na koya a gindin wata bishiyar darbejiya a Kankiya ban same shi a ɗakin lacca ba.

A cikin 2019 yayana ya ba ni motarsa kyauta, ja wur, mai ƙofa biyu, ƙirar Toyota Celica ta 2002. Shi kuwa daga Kwatano ya sayo ta a 2015, watau kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Irin motocin nan ne da ake ƙerawa don gudu, cikinsu dab da ƙasa, saboda mota in ta yi ƙasa nauyinta ba ya rinjaya gefe ɗaya idan ta sha kwana. Bugu da ƙari, Baturen da ya fara mallakarta ya sake sauke ta fiye da yadda masu ƙira suka yi ta. A Abuja, inda Yaya yake aiki, wannan bai dame shi ba. Ni ma da na shigo da ita Kankiya, samari na ɗaga mini hannu, sai na ji kaina ya kumbura.

Ba a yi mako ba na gane cewa ado daban, amfani daban. Duk tudun rage gudu da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina sai ya gaisa da salansa. Na yi ta ɗaurewa har ran da abin ya zo mini inda ba na so. Cikin watan Agusta, da damina ta kankama, aka aiko da dare cewa jikin Inna ya tsananta a ƙauyenmu da ke bayan Kusada. Na je na ɗauko ta za mu asibiti. Hanyar burji ce, manyan motoci sun haƙa ta dama da hauni sun bar tudu a tsakiya. Ba mu yi nisa ba sai na ji ƙaf! a ƙarƙashina, jar fitilar baƙin mai ta kama. Tukunyar man injin ce ta fashe. Na kashe mota nan take, don na san in na matsa injin zai ƙone. Inna na nishi a kujera, ni kuwa na rasa abin yi, sai Allah ya kawo wani maƙwabcinmu da tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda ta girme ni, ya ɗauke ta. Ta sami sauƙi, alhamdu lillahi, amma kunyar daren nan ba ta sake ni ba.

Da aka sake tukunyar mai sai na shiga neman wanda zai ɗaga mini motar. Bakaniken farko ko leƙa ƙarƙashinta bai yi ba ya ce, “Wannan ai ƙaramin aiki ne. Tsohuwar taya za mu yayyanka mu cusa tsakanin zoben sifirin.” Na biyu ya ce a sa mata manyan tayoyi. Na uku ya ce a kira mai walda ya ƙara wa ƙafafun tsawo. Kowannensu kuɗinsa kaɗan ne, kuma kowa ya rantse kafin la'asar zan tafi da motata. Har na kusa yarda, sai na tuna araha ba ta ado, kuma wannan karon ran mahaifiyata zan ɗora a kai.

Wani direban haya ne a tasha ya kwatanta mini wani dattijo da ya koyi sana'a a Kaduna zamanin da Fijo ke tashe. Ba shi da allo ko rumfar kirki, sai inuwar darbejiya da ɗan daɓen siminti. Na gaishe shi na ce, “Baba, so nake a ɗaga motar nan ta yi tsawon Fijo.” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, kaza ko ta yi shekara tana miƙa wuya ba ta zama jimina. Bari mu ga abin da za ta iya ɗauka.”

Bai taɓa sifana ba sai da ya sa aka tura motar kan daɓen nan, ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, ya rubuta da alli. Sa'an nan ya kira ni ya nuna mini dalilin da ya sa shawarwarin da aka ba ni ba su da kyau. Roba a cikin sifirin tana hana shi lanƙwasa, mota ta riƙa tsalle, wata rana kuma robar ta fice ana cikin gudu. Babbar taya za ta riƙa gugar bodi in an karya sitiyari, ta kuma sa agogon gudu ya yi ƙarya. Walda kuwa a ƙafar mota, in ji shi, sayen likkafani ne.

Da ya cire taya sai ga abin mamaki. Ashe ƙafafun da Baturen nan ya sa irin waɗanda ake iya saitawa ne: jikin shokazoba yana da zare kamar na noti, da zobba biyu da sifirin ke zaune a kansu. In an murɗa zobban sama mota ta tashi, in an murɗa ƙasa ta sauka. Watau maganin yana jikin motar tun farko, sai dai ba wanda ya duba. Amma zaren ya yi tsatsa, saboda gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Kwana biyu Baba yana jiƙa shi da mai yana gogewa da buroshin ƙarfe kafin zobban su motsa.

Santimita 3 kacal ya ɗaga ta. Na roƙe shi ya ƙara, ya ƙi. Ya ce motar da ƙafafun gaba take ja, in ta tashi da yawa sandunan da ke juya tayoyin za su karkace, gaɓoɓinsu su ci, robarsu ta yage, shokazoba kuma ya rasa wurin miƙewa in taya ta faɗa rami. Ya sa aka yi wa tukunyar mai garkuwar ƙarfe, ya gyara saitin fitilu. Daga nan ya ce, “Nan ilmina ya tsaya. Duk motar da aka sake wa tsawo, tsayuwar tayoyinta ta sake. Tafi Katsina wurin masu na'urar saitin ƙafa, in ba haka ba tayoyin za su cinye ta gefe ɗaya.” Ban taɓa jin bakanike ya tura ciniki wani wuri da bakinsa ba sai ran nan.

Daga baya na bincika na ga abin da Baba ya sani da hannu tarihi ma ya tabbatar da shi. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, ta yi suna a Afirka ne saboda ƙafafunta na da wurin motsi a kan gargada. Ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Celica ma ta ci wannan tsere sau uku a jere, daga 1984 zuwa 1986, amma sai da injiniyoyi suka shirya ƙafafunta musamman don waɗannan hanyoyi. Ashe ba motar ce ba ta da kirki ba, rashin daidaita ta da ƙasar da za ta taka ne.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma haka muke. Ilmin da muke kwasa a jami'a da yawansa an ƙera shi ne don titunan wasu. In muka kai shi gida yadda yake, zai fashe a tudun farko, kuma iyayenmu ne za su kwana a hanya. In kuma muka yi masa gyaran cusa roba don mu burge, ɓarnar ta fi. Sai an auna, an duba abin da ke ciki, an kuma san inda sanin mutum ya tsaya.

Tun daga ranar na sha kai Inna asibiti da motar, lafiya lau. Amma in na zo tudu sai na rage gudu na hau shi a karkace, in ruwa ya yi yawa kuwa sai na ajiye ta a Kusada na hau babur. Allah ya saka wa Baba da alheri, amin.