Daga Nima Zuwa Aburi Neman Reshen Dashe

A wannan karo mun fita daga cikin Ankara ne, muka hau tudun Akwapim zuwa garin Aburi, kuma abin da ya kai mu can reshen itace ne kawai.

Ga yadda abin ya faro. A farfajiyar makarantar Islamiyyar unguwarmu a Nima, da akwai wani tsohon durumi wanda yawancinmu a gindinsa muka yi karatun allo. Da saiwarsa ta tsaga bango ta shiga kwata, ga shi kuma ana son ƙara aji biyu, sai aka sare shi, aka malale filin da siminti, in ban da wata 'yar siririyar ƙasa a jikin katanga wadda faɗinta bai wuce taku biyu ba. Bara muka samo rassa shida na wani itacen ado da ake kira firanjifani, wanda kuka saba gani a ƙofar gidajen Kantoment da filayen makarantu, mai farin fure da rawaya a tsakiya. Muka yi masa yadda iyayenmu ke yi wa durumi da ceɗiya, wato a sara yau a dasa yau da farkon damina, a bi shi da ruwa safe da yamma. Kafin mako uku duka shidan sun yi baƙi daga ƙasa, sun yi laushi kamar ruɓaɓɓen rogo. Kwamitin makaranta ya ce a ba mu dama sau ɗaya tak, in an sake asara za a rufe wurin da siminti kowa ya huta.

Ran wata Asabar ta watan Fabrairu muka karya da koko da ƙosai, mu huɗu, muka shiga toro-toro a tashar Madina. Hanya ta bi ta Adenta da Oyarifa har Ayi Mensa, inda hawa ke farawa. Daga nan mota ke ta kewaya dutse, iska na sauyawa tana yin sanyi, in ka waiga kuma sai ka hangi filin Ankara shimfiɗe a ƙasa, ko da yake ranar hazon hunturu ya rufe rabinsa. Da muka zo Peduwase, babbanmu a tafiyar, wani Alhaji wanda ya ga jiya ya ga yau, ya nuna mana gidan saukar shugaban ƙasa, ya kuma tuna mana cewa a nan yankin Aburi ne Janar Ankra ya haɗa Gowon da Ojukwu a watan Janairun 1967 don neman sulhu, sulhun da bai hana yaƙin basasar Nijeriya ba. Tafiyar duka ba ta kai kilomita 40 daga tsakiyar birni ba.

Lambun Aburi tsohon wuri ne. Turawan mulki sun fara gina gidan shan iska na ma'aikatansu marasa lafiya a nan a 1875, sa'an nan aka buɗe lambun kansa a 1890 a hannun wani Bature, Wiliyam Kurauda, wanda aka horar a lambun Kiyu na Ingila. Filinsa ya kai kusan hekta 65. Daga nan aka riƙa raba wa manoma irin koko, bayan da Tete Kwashi ya dasa nasa a Mamfon, nan kusa, a 1879. Da shigarka za ka bi ta tsakanin layi biyu na dogayen itatuwa dangin kwakwa, miƙaƙƙu kamar ginshiƙan masallaci. Akwai wani ƙaton rimi da ya girmi lambun, akwai kuma wani ɗan uwan ceɗiya da ya nannaɗe wani itace har ya kashe shi, ya bar kogo a tsakiya wanda mutum ke iya shiga. Da Alhaji ya ga saiwoyinsa sai ya yi dariya ya ce, "To kun ga dangin wanda ya ci mana bango." Mun sha kallo, amma ba a karya reshe a lambun gwamnati, saboda haka muka fito hannu wofi.

A bakin hanya, cikin masu sayar da dashen furanni, Allah ya haɗa mu da wani dattijo mutumin Boku wanda ya ji Hausa sarai. Muka gaisa, muka kwashe labarin asararmu muka gaya masa. Bai ce komai ba sai da ya kai mu bayan rumfarsa, inda muka ga sanduna masu kauri jingine a inuwa, ba ganye, ba ƙasa, ba ruwa, kamar itacen girki.

"Malamai, kwana nawa kuka bar naku ya sha iska kafin ku dasa?"

Muka ce, "Baba, ai a ranar muka dasa, don kada ya bushe."

Ya ce, "To ai ku kuka kashe shi da kirki."

Bayaninsa shi ne, reshen wannan itace cike yake da ruwa, ga kuma wani farin ruwa mai danƙo kamar nonon tumfafiya da ke zuba in an yanke shi. In aka binne ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nan ruɓa ke shiga ta hau sama. Don haka ana zaɓen reshe wanda ya ƙosa, mai launin toka, ba ɗanyen kore ba, tsawonsa kamar kamu ɗaya, wato santimita 30 zuwa 45. A yanke shi da wuƙa mai kaifi da tsabta, a cire ganyen in akwai, a jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa har mako ɗaya zuwa biyu, sai bakin yankan ya bushe ya yi tauri kamar miki ya warke. Sa'an nan a haɗa yashi da ƙasa, yashin ya kai rabi, a binne gindin zurfin ɗan yatsa, kada ya wuce santimita 10, a kafa masa sanda a ɗaure don kada ya riƙa motsi. A ba shi ruwa sau ɗaya ranar dashe, daga nan a ƙyale shi sai ƙasa ta bushe ƙayau. Saiwa na fitowa cikin mako huɗu zuwa takwas, alamarta kuwa ita ce ganye ya fara buɗewa a kan reshen. Ya ja mana kunne cewa kada wani ya tumɓuke don ya duba, domin sabuwar saiwarsa gautsi gare ta. Lokacin da ya fi kuma shi ne ƙarshen rani, sa'ad da itacen ya zubar da ganye, don ya kafu kafin manyan ruwayen Mayu da Yuni.

Asalin itacen daga Meziko ne da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, masana kuma suna kiransa Plumeria, sunan da aka ɗauko daga wani masanin tsirrai Bafaranshe, Sharl Fulumiye, wanda ya rasu a 1704. Danginsu ɗaya da kariya da tumfafiya, shi ya sa nonon nasu ya yi kama. Yana fitowa daga iri ma, sai dai yakan daɗe bai yi fure ba, kuma ba lalle ne furen ya yi launin na uwar ba, alhali reshe na maimaita uwarsa daidai, yakan kuma yi fure cikin shekara ɗaya zuwa uku. Ƙamshinsa ya fi tashi da dare.

Ba za mu ɓoye muku aibinsa ba. Inuwarsa ba ta kama ƙafar ta durumi ba, tsayinsa ba ya cika wuce mita bakwai ko takwas, kuma da hunturu, lokacin da ake neman mafaka daga rana, tsirara yake tsayawa. Da damina wata tsatsa mai ruwan lemo kan kama bayan ganyensa har ya zube. Nononsa kuma yana ƙona ido, yana sa ƙaiƙayi a fata, abin lura ƙwarai a wurin da yara ke wasa. Wanda ke da fili a Ashaiman ko Kasowa, mu dai shawararmu ya dasa darbejiya ko mangwaro, ko durumin kansa nesa da gini. Amma a lungunan Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, itacen da saiwarsa ba ta da ƙarfin fasa bango, wanda kuma ake samunsa kyauta daga reshen maƙwabci, ya cancanci a gwada shi.

Muka sayi sanduna biyar waɗanda suka riga suka sha iska, uku masu farin fure, biyu masu ja. Dattijon ya naɗe su a tsohuwar jarida, ya ce da Alhaji, "Ranka ya daɗe, ka ɓoye wa yaran nan butar ruwa." A mota ɗan kamasho ya so ya caje mu kuɗin kaya, da ya ga sanduna ne ya bar mu.

Washegari muka kawo yashi baro biyu, muka dasa su a jikin katanga, muka kewaye da ragar waya saboda awaki da ƙwallon yara, malamin aji kuma ya gargaɗi ɗalibai kada wanda ya karya ko ya taɓa nonon. Yau mako bakwai ke nan. Huɗu sun buɗe ganye. Na biyar, wanda ke kusa da inda ake alwala, ya yi laushi daga ƙasa, mun yanke ruɓaɓɓen wurin har muka kai fari mai lafiya, yanzu yana jingine a ofishin shugaban makaranta yana shan iska, za mu sake dasa shi a ɗaya kusurwar bayan kwana goma in Allah ya kai mu.