Mako Guda Ina Neman Abin Sanyaya Kwamfuta a Zafin Abuja

Litinin, 10 ga Maris 2025

Goma ga azumi, kuma yau kaya suka cika: madabod, katin hoto, ram, akwati, da firosesa Ryzen 7 9800X3D da na yi watanni ina tara masa kuɗi. Ƙanena ya buɗe ɗan kwalin, ya leƙa ciki, ya ce, "Yaya, ina fankar?" Babu ita. AMD ba ta haɗa wannan da fanka, mai saye ne zai nemo abin da zai sanyaya shi.

Na zaɓe shi ne don ina so in ƙara masa gudu. Yayyensa masu X3D a ɗaure suke zuwa, saboda an shimfiɗa musu ƙarin ma'adanar bayanai a saman inda zafi ke fitowa, kamar mai zazzaɓi da aka lulluɓe da bargo. A wannan da ya fito a Nuwamban 2024 sai aka mayar da shimfiɗar ƙasa, aka kuma sake shi. Gudunsa na kamfani yana kaiwa gigahaz 5.2. Iyakar zafinsa digiri 95, idan ya taɓa nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace.

Talata, 11 ga Maris

Bayan sahur ban koma barci ba, na zauna kallon gwaje-gwajen da ake yi wa waɗannan na'urori a YouTube. Abu guda ya tsaya mini a rai. Yawancin masu gwajin a Turai da Amurka suke, a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba. Da azahar na ɗora ɗan ma'aunin zafi a kan teburina a nan Kubwa, ya nuna 34.

Lissafin a fili yake. Fanka ko ruwa, babu wanda ke ƙera sanyi. Aikinsu su kwashe zafi daga firosesa su zuba shi cikin iskar ɗaki. Idan iskar ɗakina ta fi tasu zafi da digiri goma sha biyu, to kusan wannan goma sha biyun za ta hau kan duk lambar da suka nuna. Wanda ya ga 80 a Jamus, ni 92 zan gani, saura uku in bugi bango. Da ban auna ɗakin ba, da na je kasuwa da lissafin garin wasu.

Laraba, 12 ga Maris

Na shiga Banex a Wuse 2 da hantsi, kafin rana ta buɗe sosai. Shago uku na zaga. Duk inda na ce ƙarin gudu nake so, hannu ɗaya ake miƙawa, wajen masu ruwa: famfo a kan firosesa, tiyo biyu, da lagireto mai fanka uku da ake ɗaurawa a saman akwati. Wani matashin mai shago ya kunna mini ɗaya, fitilu suna ta canza launi. Ya ce, "Oga, da wannan zafin namu ai ruwa ne kawai magani. Ko mota da lagireto take tafiya."

Maganarsa ba a banza take ba. Mai ruwa na milimita 360, irin su Arctic Liquid Freezer III, yana da faɗin da zai watsa zafi fiye da yawancin masu iska, kuma ruwan yana jinkirin ɗaukar zafi, don haka fankokin ba sa tashi da ihu duk lokacin da aiki ya ɗan ƙaru. Da Intel Core i7-14700K na saya, wanda kan ja har wat 253, da ban tsaya gardama ba. Amma nawa wat 120 aka rubuta masa, ko an matsa masa a saitin kamfani ba ya wuce wajen 162.

Na tambaye shi, "Idan famfon ya mutu fa?" Ya ce akwai garanti. Na ce, a ina za a kai shi? Sai ya yi murmushi, ya ce sai dai mu yi magana a lokacin. Ban ga laifinsa ba, ba shi ya ƙera ba. Na fito hannu rabbana.

Alhamis, 13 ga Maris

An ɗauke wuta tun safe, sai na yini ina juya abin a zuciya.

Ashe mai iskar ma da ruwa yake aiki. Waɗannan bututun jan ƙarfe da ke ratsa faifan alminiyam, a cikin kowanne akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iskar ciki. Da zafi ya taɓa gindin, ruwan ya zama tururi, ya haura sama, fanka ta hura, ya koma ruwa, ya tsattsafo ƙasa ta jikin bangon bututun. Haka yake ta kai da komo, babu injin da ke tura shi, babu abin da zai gaji.

Wannan ya tuna mini da randar kakarmu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafin. Da wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Sai dai randa ta fi na'urata da abu ɗaya: ita tana iya sauka ƙasa da zafin ɗaki, domin tururinta barin gida yake yi. Tawa a rufe take, iskar ɗaki ce iyakarta.

Sai kuma ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Abuja ya san yadda take shiga ko an rufe taga. Haƙoran lagireto a matse suke, sun fi saurin toshewa, kuma sai an kwance kafin a share da kyau. Hasumiyar mai iska kuwa, cire fanka, hura bulowa, mayar. Fankar ma in ta mutu, milimita 120 ce, da wuya ka rasa irinta a Banex, kuma kafin ka samo, ƙarfen kansa yana ɗan riƙe zafin. Famfo in ya tsaya, kwamfuta ta tsaya ke nan.

Kafin a sha ruwa na yanke shawara. Mai iska zan saya.

Juma'a, 14 ga Maris

Raina yana kan Noctua NH-D15, na kamfanin nan na Ostiriya, mai fanka biyu na milimita 140. Tsayinsa milimita 165, akwatina ma 165 aka ce yana ɗauka. Na ɗauko tef na auna ram ɗina, dogaye ne masu fitila a ka. Dole a ɗaga fankar gaba don ta haye su, kuma da an ɗaga ta murfin gilashi ba zai rufu ba. Na ji ba daɗi, amma tef ba ya ƙarya.

Bayan an sauko daga masallaci na koma na ɗauki Thermalright Peerless Assassin 120 SE: hasumiya biyu, bututu shida, tsayi 155. Rarar kuɗin na saka a fanka biyu na gaban akwati, don iskar da zai sha ta riƙa shigowa daga waje.

Asabar, 15 ga Maris

Mun ɗaura bayan tarawihi. Na ɓare ledar da ke gindinsa, na ɗiga man a tsakiyar firosesa kamar ƙwayar wake, na riƙa ɗaure sukurori biyun bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don matsin ya daidaita. Ƙanena yana riƙe da tocilan. Fankar gaba ta ɗan hau kan ram, murfi ya rufu da rarar da ba ta kai faɗin yatsa ba.

Na kunna manhajar gwaji ta Cinebench na minti talatin, HWiNFO mai nuna zafi a buɗe a gefe. Ɗaki 29, firosesa ya tsaya a 84.

Lahadi, 16 ga Maris

Gwajin gaskiya da ƙarfe uku na rana, esi a kashe. Na shiga BIOS, na kunna PBO, wato saitin ƙarin gudu, na ƙara megahaz 200. Cikin 'yan mintoci ya kai 95 ya fara ja da baya. Gudun da na ƙara, zafi ya karɓe.

Sai na bi ta ɗaya hanyar, wato rage masa wutar da yake sha ta Curve Optimizer. A kan 30 ƙasa da sifili kwamfutar ta ɗauke ana tsakiyar gwaji. Na dawo 20, ta riƙe awa guda ba tangarɗa, zafi 88, gudu ya ɗan fi na jiya. A cikin wasa kuwa bai wuce saba'in da 'yan kai ba, domin wasa ba ya cika dukkan ƙwayoyinsa takwas da aiki.

Ƙanena ne ya lura da abin da na manta. Ya ce, "Yaya, ɗakin nan ya ƙara zafi fa." Na duba ma'auni, ya haura zuwa 36. Kwamfutar gaba ɗaya tana jan wajen wat 500 idan ana wasa, kuma duk wannan a ɗakin yake ƙarewa. Awa huɗu yunit biyu ke nan a mita, kuma tun Afrilun 2024 yunit ɗin 'yan Band A ya haura naira 200, ban da abin da esi zai ci.

Litinin, 17 ga Maris

Na ajiye saiti biyu a BIOS. Ɗaya mai ƙarin 200 na dare, ɗaya na gudun kamfani da ragin wuta kawai na rana, har damina ta sauka. Na janye teburin daga lungu zuwa kusa da taga, na bar taƙi guda tsakanin bayan akwati da bango. Na rubuta a kalanda in hura ƙura ranar jajibirin sallah.

Ƙanena ya nemi ya fara wasa yau. Na ce masa goman ƙarshe na tafe, ya bari sai an ga wata. Ya zare linzamin kwamfutar da kansa, ya kai wa Hajiyarmu ajiya.