Inuwa Ba Baƙa Ba Ce

In kun tambayi yaro launin inuwa, ba zai yi wata-wata ba zai ce baƙa ce. Manya ma haka za su ce. A makarantar da nake koyarwa darasin zane yana hannuna, na kuwa lura kullum baƙin fenti shi ne yake fara ƙarewa. Yaro ya zana itacen mangwaro kore shar, sai ya ɗebo baƙi ya dama a ciki domin ya yi gefen inuwa, nan da nan takardar ta koma kamar ruwan kwata. Fentin da iyaye suka saya ya tafi a banza, yaron kuma ya ture takarda ya ce shi ba shi da baiwar zane. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna.

Maganin abin na same shi ne cikin wani littafin hotuna a ɗakin karatunmu, mai ɗauke da ayyukan waɗansu masu zane na ƙasar Faransa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Claude Monet, ana faɗin sunan Mone. A shekara ta 1874 shi da abokansa suka baje zane-zanensu a birnin Faris. Cikinsu akwai nasa na tashar jiragen ruwa ta Le Havre da sassafe, wanda ya sa wa suna Impression, watau abin da ya faɗa wa ido a kallon farko. Wani ɗan jarida ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita, sunan kuwa ya bi su har yau.

Waɗannan mutane a waje suke yawan aikinsu, a gona ko bakin kogi. Abin da ya sauƙaƙa musu haka ɗan ƙaramin abu ne. A shekara ta 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza na zuba fenti, irin na man goge baki, sai ya zama mutum yana iya sa fentinsa a jaka ya tafi. Da suka zauna cikin rana suka duba da kyau, sai suka ga inuwa tana da launi. Dalili kuwa shi ne, wurin da rana ba ta kai ba, hasken sararin sama yana kaiwa, shi kuwa shuɗi ne. Saboda haka Mone ya kusan daina taɓa baƙin fenti.

Tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin alkama na wata gona kusa da gidansa wajen sau 25, da safe, da yamma, da rani, da lokacin ƙanƙara. Tarin yana kama da rumbunmu mai jinka. A wannan zane inuwarsa shuɗiya, a wancan shunayya, a wani kuma da ɗan ja a bakinta. Don haka nakan fitar da yara su dubi rumbun maƙwabcinmu da ƙarfe takwas na safe, su sake dubansa kafin a tashi. Nakan sa su huda takarda fara su leƙa inuwar ta hudar, domin kada sanin da suka yi wa rumbu ya riga idonsu magana. Wata yarinya ta leƙa ta daɗe, sa'an nan ta ce, “Malam, kamar an zuba mata shuni.”

Akwai kuma wani mutum da ya share musu hanya, shi ba mai zane ba ne, shugaban marina ne. Sunansa Chevreul, masanin haɗa sinadarai, wanda aka ba riƙon sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris a 1824. Aka kawo masa ƙara cewa baƙin zarensa ba ya fita sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau yake, launin zaren da aka saƙa kusa da shi ne yake ruɗin ido. A 1839 ya fitar da littafi a kan wannan. Abin da ya nuna shi ne kowane launi yana da kishiya: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. In aka jera kishiyoyi kusa da juna, kowace sai ta ƙara haske. Uwayenmu mata da suke kara ɗankwali a jikin zane a kasuwa kafin su biya sun san wannan tun ba a rubuta shi ba.

Dubi zanen nan na tashar jiragen ruwa. Rana ɗan ƙwallo ce ruwan lemo cikin hazo mai shuɗi-shuɗi, tana ci kamar garwashi. Amma in aka mai da hoton baƙi da fari, sai ranar ta kusan ɓacewa, domin ba ta fi sararin da ke kewaye da ita haske ba. Zama kusa da kishiyarta shi ya kunna ta. Mai waya a hannu yana iya gwadawa.

To, ga inda abin yake da amfani a kan faranti. Kishiyoyin nan da suke haskaka juna in an jera su, in aka dama su tare sai su dushe juna. Saboda haka mai son kore ya yi duhu, sai ya ɗiga masa ja kaɗan. Mai son inuwar rawaya, ya taɓa mata shunayya, gama baƙi in ya shiga rawaya kore-kore take komawa, kamar ɗanyen kashin shanu. Kullum kuma a fara da launi mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu a kai, domin ɗigo ɗaya na shuɗi yana juya cokalin rawaya, amma sai an yi asarar rawaya mai yawa kafin a juya cokalin shuɗi. Kada kuma a yi ta damawa kamar fura. Mone yakan ajiye launuka ɗigo-ɗigo kusa da juna, ido ya haɗa su daga nesa, kamar yadda saƙi yake zare fari da zare baƙi a hannu, amma daga nesa ya zama launi guda.

Abu ɗaya ne nake ganin littattafan makaranta sun sauƙaƙa fiye da kima, watau cewa ja da shuɗi suna ba da shunayya. Sau da yawa jan da ke cikin akwatin yara mai karkata ne wajen ruwan lemo, da rawaya a ɓoye cikinsa. In ya haɗu da shuɗi, launuka uku ke nan sun taru, sai a sami ruwan ƙasa. Jan da ake bukata shi ne mai kama da zoɓo. Irinsa ne injin buga littafi yake aiki da shi, tare da rawaya, da shuɗi mai haske, da baƙi.

Uban da zai saya wa ɗansa fenti, ya nemi ja iri biyu, na tumatir da na zoɓo, da rawaya, da shuɗi, da fari babban bututu, gama fari ya fi saurin ƙarewa in an iya aiki. Kore da ruwan lemo da ruwan toka duk za su fito daga waɗannan a kan murfin gwangwani.