Ɗan Hakin da Ka Raina

Hutun da ya wuce a garejin kawuna na yi shi. Da ma tun ina firamare nake miƙa masa sifana, saboda haka nake jin ni ma rabin makanike ne. Abin da ya sauke mini wannan girman kai wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsana ba.

Ran nan wani dattijo ya kawo tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Da ita yake jigilar 'yan kasuwar ƙauye, da ita yake ci da iyalinsa. Hayaƙi ne ke tsiyaya daga inda bututun salansa ya haɗu da kan inji. Kawu ya ce in zuba wa notunan man birki su jiƙa, in jira ya dawo daga masallaci. Ni kuwa na ga jira ɓata lokaci ne. Na kama na farko ya ƙi motsi, na zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, na danna. Sai na ji ƙas! Kan ya biyo sifana, gindin ya zauna a ciki.

Jama'a, a nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Maimakon in jira in faɗi gaskiya, sai na ɗauko injin huda don in ɓoye ɓarnata. Ban buga alama a tsakiya ba, bakin ya zame, ya fara cin gefen ramin. Allah Ya taimake ni kawu ya shigo kafin in yi nisa.

Ya duba, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, karya noti ba laifi ba ne, ni ma na karya. Ɓoyewar ita ce laifi. Ka san kan injin nan alminiyam ne? Da ka ci ramin, da bawan Allah nan sai ya nemi kuɗin wani."

Daga nan ya zauna ya nuna mini aikin. Notin ƙarfe ne, mazauninsa alminiyam, ga zafin hayaƙi kullum, ga tsatsa ta shekaru. Shi ya sa suka manne kamar abu guda. Ya ce in guntun ya leƙo waje, a jiƙa shi, a ɗan bubbuga, a kama da filaya. In ya nutse, wasu sukan huda tsakiyarsa su murɗa wani ƙarfe mai haƙoran hagu. Amma wannan ƙarfe tauri gare shi ƙwarai, kuma in ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa.

Shi dai mai walda ya kira. Aka ɗora wasa a bakin ramin, aka ɗiga walda a kan guntun, sa'an nan aka ɗora sabon noti aka cike cikinsa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana farfasa tsatsar. Aka bari ya huce. Kawu ya sa ƙaramar sifana, ya ɗan ɗaure, ya ɗan kwance, gaba kaɗan, baya kaɗan. Waldar farko ta ɓalle, aka sake. A ta biyu sai muka ji ɗan ƙara, guntun ya juya, ya fito da haƙoransa.

Aikin rabin sa'a ya cinye yini. Dattijon ya rasa kasuwar ranar, kuma kawu ya sa ni da bakina na gaya masa dalili. Wallahi wannan ya fi mini komai nauyi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah Ya shirya, yaro."

Guntun yana nan a aljihun jakar littattafaina. Duk sa'ad da na ji zuciyata na cewa in danna da ƙarfi, ko in rufe kuskure kafin a gani, sai in laluba shi. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.